Sunan da Ruwa Ya Bari

Ni 'yar fari ce, don haka har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In ina kusa sai ta ce "ke", in na yi nisa ta ce "ina yarinyar nan", in abin ya matsa ta tura ƙanena ya kira ni. Ban ɗauki hakan a bakin komai ba, haka na tashi na ga ana yi a gidanmu na Gwammaja da gidajen maƙwabta. Sai da karatu ya kai ni Kuala Lumpur na haɗu da matar da ruwa ya cinye wa komai, bai bar mata na 'yarta ba sai suna. Ni kuwa da kunyata ta gado, saura ƙiris in raba ta da shi.

Mun sauka ni da maigidana Auwalu da akwatuna huɗu, biyu daga ciki kuka ce da daddawa da kanwa. Ni aka turo digiri na biyu kan sarrafa abinci. Shi kuma ya bar wa ƙanensa shago a Kwari ya biyo ni, abin da ya sa har yau abokansa ke kiransa Ɗan Rakiya. Tun muna Kano wani ejan ɗan ƙasarmu ya kama mana gida ta waya, ya turo hotuna har da wurin ninƙaya. Babu wanda Auwalu bai nuna wa hotunan nan ba a layinsu.

Adireshin ya kai mu Brickfields, unguwar Indiyawa da ke gefen babbar tashar jirgin ƙasa. Mai motar ya tsaya, ya duba wayarsa, ya dube mu, ya ce nan ne. Rumfar sayar da furanni ce. Auwalu ya kira ejan, waya a kashe. Ya yi ta kira yana zagaya rumfar, ko wurin ninƙayan ta baya yake.

Tsohuwar da ke saƙa furannin ta karɓi takardar adireshin ta duba, ta kaɗa kai irin nasu wanda ba ka gane e ne ko a'a, ta ce ba mu ne na farko ba. Ta janyo mana kujerun roba, ta sa aka kawo shayi mai madara daga shagon gefe. Ina riƙe da kofi ina ƙoƙarin kada in yi kuka a gaban Auwalu, sai idona ya faɗa kan wasu ganyaye a bokiti. Darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu sak, su don ibadarsu suke saye. Na tsinki ɗaya na murza na shinshina, shi ke nan kukan ya ƙwace mini, har tsohuwar ta tambayi Auwalu ko rasuwa aka yi mana.

Ita ce ta ba mu lambar wata da take kira Madam Najeriya, mai zuwa sayen gero a shagon ɗanta. Madam Najeriya ashe Hajiya Binta ce, mutuniyar Fagge, mai yi wa ɗalibai tuwo a Sri Petaling. Ta daɗe a ƙasar har Hausarta ta auri harsuna biyu. Da muka ba ta labari a bakin ƙofarta, sai ta tafa hannu.

"Wannan yaron again? Wallahi he is a criminal. Ku shigo ku yi makan first, maganar gida later lah."

Makan ita ce kalmar Malay ta farko da na koya, wato cin abinci, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta amfani ba. Mako guda muka yi a falon Hajiya. Ita ta koya mana hawa jirgin LRT, ita ta hana Auwalu taya kaya a babban kanti, ita kuma ta samo mana gida na gaske a Setapak: ɗaki biyu a hawa na tara, da doguwar baranda da ƙofofin maƙwabta ke kallo, da lif mai aiki ranar da ya ga dama.

A ƙasan benen akwai kedai, wato ƙaramin kantin kayan miya da sabulu. Mai tsaronsa wata gajeriyar dattijuwa ce mai faɗin kafaɗa, kowa Mak Cik yake ce mata, kamar mu ce gwaggo. Ba 'yar ƙasar ba ce ita ma. Daga Aceh ta zo, can ƙarshen tsibirin Sumatra, kantin kuma na yayanta ne. Ƙofarta na jikin tamu a hawa na tara.

Ranar da na fara shiga kantin na ɗebi wani ƙaramin barkono da na raina, cike da hannu biyu. Ta riƙe hannuna ta mayar da rabi. Na ce mata ni 'yar Kano ce, na sake ɗiba. Da rana Auwalu ya kai loma ɗaya ta miyar, ya ajiye cokali, ya fita baranda yana salati. Tarinmu ne ya fito da Mak Cik daga ɗakinta. Ta leƙa tukunyar, ta yi dariya har ta dafa bango, ta koma ta kawo mana shinkafa mai madarar kwakwa da soyayyen kifi.

Muna ci ta tambayi sunana. Na ce Sa'adatu, ta ce Saadah. Ta tambayi shekarar da aka haife ni, na rubuta mata 1995 da yatsa a kan tebur. Ta daɗe tana kallon wurin kamar rubutun yana nan, sannan ta ƙara mini kifi.

Daga ranar na shiga uku da kira. Muryar Mak Cik ta fi jikinta sau goma. In ta gama girki ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, a tata ƙofar take tsayawa ta dafa bango ta ce, "Saadah! Makan!" Kafin wata guda duk hawa na tara sun haddace sunana, har ɗan Sin ɗin da ke ƙarshen baranda in mun haɗu a lif sai ya ce da ni makan yana dariya. Da farko kunya ta riƙa kama ni. Daga baya na lura in na dawo daga makaranta ina jan ƙafa a baranda don ta ji shigowata ta kira. Ban taɓa sanin daɗin da ke cikin babbar mace ta kira ka da sunanka ba.

Turancinta bai wuce na ciniki ba, Malay ɗina kuma a lokacin na kayan miya ne. Duk abin da zan sa mata a baki da Hausa, da harshe uku da hannu huɗu muka faɗe shi, in ya gagara mu cike da Larabcin salla.

Ina da ciki wata biyar ɗaliban Arewa suka shirya yawon buɗe ido bakin teku a Port Dickson. Na gayyaci Mak Cik, ta ce kanti ba zai bar ta ba. Ban taɓa ganin teku ba, iyakata dam ɗin Tiga, don haka ranar na zama ƙaramar yarinya. Auwalu ya naɗe wando ya shiga da jarumta, igiyar farko da ta taso ya fito da gudu ya bar takalmi ɗaya. Na cika leda da ƙananan kwasfar katantanwa masu kyau, tsarabar Mak Cik.

Washegari da safe na sauka kanti tana ɓare albasa. Na zube mata tsarabar a kan tebur, na kunna mata bidiyo ina ta zuba. Na ce ta ga abin mamaki, ruwan har ja da baya yake yi ya bar ƙasa a fili, yara su bi shi suna tsintar ƙananan kifi. Ta karɓi wayar a hankali ta kife ta a kan tebur. Ta miƙo mini wuƙa da albasa, ta ce in zauna.

Safiyar Lahadi ce, in ji ta, a ƙarshen shekarar 2004. Gidansu a bakin ruwa yake, mijinta masunci ne, yana gyaran koma a gaɓa. Ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, kowa ya zauna dirshan yana kalmar shahada, aka daɗe ba ta tsaya ba. Da ta lafa, suka ga bango ya tsage amma gida na tsaye, suka yi hamdala. Sai teku ya ja da baya, nisan da ko tsofaffin garin ba su taɓa gani ba, ya bar kifi yana tsalle a kan yashi. Yara suka ruga da bokitai. 'Yarta ɗaya tilo, Raihana, mai shekara tara, ta sure kwanon wanke shinkafa ta bi su.

"Na tsaya a bakin ƙofa na kira ta," in ji Mak Cik. "Duk garin sun san kirana, har cewa suke da shi suke sanin lokacin abinci ya yi. Ta ji ni. Ta juyo, ta ɗaga mini wani kifi sama don in gani, tana dariya. A bayanta na ga wani baƙin layi ya taso."

A kan bishiyar kwakwa ta farfaɗo, nesa da inda garinsu yake. Mijinta da mahaifiyarta da Raihana da gidan da duk abin da ke cikinsa, babu. Hotuna sun tafi, takardun makaranta sun tafi. Gawarwakin da aka samu a manyan ramuka aka binne su, ba a san wane ne wane ba. Ta yi watanni tana bin sansanonin waɗanda suka tsira, tana tsayawa a bakin kowace rumfa tana kira, har yayanta ya je ya taho da ita nan.

Na tuna lokacin. Ni ma shekarata tara. Mun gani a talabijin ɗin maƙwabta, na ji kalmar tsunami, manya suka yi ta salati, mu kuma muka koma wasan 'yar gala-gala. Na dubi tsarabata a kan tebur, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ba hoto, ba kabari," in ji ta. "Suna kawai. Da tana nan da sa'arki ce, kuma da ta riga ki haihuwa, don ba ta da haƙuri ko kaɗan." Ta zaɓi kwasfa ɗaya ta sa a aljihu, ta tura mini sauran. "Ba na fushi da teku, Saadah, ganinsa ne ba na so. Yanka albasar nan, in wani ya shigo ya ce ita ce ta sa mu hawaye."

Da na hau sama na ce wa Auwalu in mace muka haifa, na san sunanta. Na zaci zai kawo maganar mahaifiyarsa. Ya ce Hajiyarsu ta riga ta tara takwarori har ba ta gane su, Allah ya sauke ni lafiya kawai.

Shirinmu Inna ta zo ta yi mini wankan jego, amma har cikina ya shiga wata tara biza ba ta fito ba. Ranar da na tabbatar ba za ta zo ba na zauna a matakalar bene ina kuka, don lif ya ƙi aiki kuma zuciyata ta ƙi daɗi. A nan Mak Cik ta same ni. Da ta gane dalilin, ta buga mini jakar hannunta a kafaɗa ta ce ita Mak Cik ɗin ta mutu ne?

Mace na haifa, ranar Talata da hantsi. Ashe su ma suna da jegonsu, pantang suke ce masa, kuma ya fi namu tsanani. Mak Cik ta zo da wani dutsen kogi ta gasa shi a wuta, ta naɗe shi a tsumma ta riƙa danna mini a ciki. Ta ɗaure ni da wani dogon zane tun daga ƙirji har ƙugu, ƙulli bayan ƙulli, har numfashi sai da izininta. Ta sa mini safa a garin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Inna kuma ta bidiyo take ba da nata umarnin, ta tura Auwalu Brickfields wurin tsohuwar furanni ya yiwo ɗaurin darbejiya da gero, tsohuwar ta haɗo shi da furen kyauta. Da safe a yi mini wanka da tafasasshen ruwa irin na Kano, da hantsi a gasa ni da dutse irin na Aceh. Ni da nake nazarin abinci na yi ƙoƙarin kawo maganar illar yawan kanwa a kunu, duka biyun suka yi kamar ba su ji ba.

Rigimarsu ɗaya ce, yawan kwanaki. Inna ta ɗaga yatsu goma sau huɗu a waya. Mak Cik ta ɗaga goma sau huɗu ta ƙara huɗu. Inna ta girgiza kai, Mak Cik ta matso da yatsun har suka rufe fuskar wayar. Ba mai jin yaren wata, amma sai da suka yi rabin awa, aka tashi Inna na cewa, "Matar nan akwai taurin kai, amma ta iya riƙon jariri."

Ba mu gaya wa Mak Cik sunan ba. Ranar suna aka raɗa shi bayan asuba a ƙaramin masallacin da ke ƙasan bene. Ragon ma a hoto muka gan shi, wata gona a wajen gari ta yanka ta aiko da naman. Mak Cik na kicin ɗinmu tana juya miya Auwalu ya hawo da ledar dabino, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "An samu Raihana." Ta ajiye ludayin. Ta wanke hannu, ta goge, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da katifata ta miƙo hannuwa biyu. Ta daɗe rungume da jaririyar, miya kuwa ta kama.

Da rana gida ya cika da matan ɗalibai. Hajiya Binta ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Kin kyauta wallahi, but ki yi tunani. Sunan marigayiya ne, ga uwarta next door. Kullum ku riƙa kira kuna fama mata ciwo? Kuma first born ce. A sakaya kawai."

Na kira Inna, ta ce ai wannan ba abin tambaya ba ne. Nan take aka sa mata Nana. Ni ma hankalina ya kwanta, don duk bokon da nake ji da shi, tun safe na kasa furta sunan, da na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi. Ba wanda ya tuna ya yi wa Mak Cik bayani, don a wurinmu abu ne da ko yaro ya sani.

Da yamma Mak Cik na jijjiga jaririyar ta kira ta Raihana a hankali. Hajiya ta dafa ta cikin tausayi ta ce, "Nana, Mak Cik. We call her Nana." Mak Cik ta dube ta, ta dube ni, ta gyaɗa kai. Bayan kwana biyu ta sake faɗa, Auwalu ya gyara mata da murmushi, shi a ganinsa yana sauƙaƙa mata ne. Ba ta ƙara ba.

Ta ci gaba da zuwa da dutsenta da zanenta, ba ta fasa ko rana ɗaya ba, amma hira ta ƙare. Ta daina tsayawa a ƙofa ta kira ni, sai dai ta ƙwanƙwasa. Ɗan Sin ɗin ya tambayi Auwalu ko mun tashi ne. Wajen kwana talatin ta fara rataye mana abinci a marfin ƙofa cikin leda ta wuce. Ni kuwa na fassara abin a juye. Na ce wa Auwalu sunan ne ya tayar mata da ciwo, gara ma da muka sakaya, har na fara nadamar sa shi. Na ƙara kiyayewa, ko takardar asibiti in za ta shigo sai in kife.

Ranar kwana talatin da uku na ga leda a ƙofa, na ji ba zan iya ba. Na goya jaririyar, da safata da komai, na sauka hawa tara a ƙafa don lif ya sake hutu. Tana jera ƙwai na shiga.

"Mak Cik, laifin me muka yi miki?"

"Ba ku yi laifi ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "'Yarku ce. In kun sake shawara, haƙƙinku ne. Na san mutane na tsoron sunan wanda ruwa ya ci, kada abin ya bi yarinya. Ban ga laifinku ba."

Sai da na nemi buhun shinkafa na zauna. Na fara bayani da duk harshen da ya zo bakina. Na ce sunan na nan, shi ne a takarda, shi aka raɗa. Na ce a wurinmu in suna ya yi girma ɓoye shi ake yi, in na wanda ya rasu ne a sakaya don kada a tayar wa masu shi da hankali. Na ce ni kaina mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba.

Nan ta ɗago. "Ba ta son ki?"

"Ta fi kowa sona."

"Kuma ba ta kiran ki."

"Son ne ake jin kunyar nunawa, Mak Cik."

Ta juya ƙwai ɗaya a hannunta. "'Yan'uwana ma so ne. Tun da na daina yawon nema suka daina faɗar sunan a gabana. Yayana 'marigayiya' yake cewa, matarsa ta ce 'yarinyar'. In na faɗa da kaina sai kowa ya sunkuyar da kai, wani ya kawo mini ruwa. Shekara goma sha tara, Saadah. Ranar da mijinki ya tsaya a ƙofa ya faɗe shi, ita ce rana ta farko da na ji shi a bakin wani tun da na bar Aceh. Na ce to, yanzu zan riƙa jin sa kullum ta bango. Sai ku ma kuka ɓoye."

Ban san lokacin da hawaye ya wanke mini fuska ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba haƙuri take so ba.

"Faɗa in ji."

Na buɗe baki, harshen ya ƙi. Ina jin idon Inna a kaina tun daga Gwammaja, da na kakata, da na duk matan layinmu. Na faɗe shi can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba. Kunnuwan nan sun sha ruwan gishiri."

Na ƙara murya kaɗan. Wani mutum ya shigo sayen burodi, ta ɗaga masa hannu ya jira. Ta ce ita a garinsu wannan raɗa ce, ba kira ba. Sai na rufe ido na cika ƙirji, duk da ɗaurin zanenta, na kira sunan 'yata ta fari da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Jaririyar ta firgita a bayana ta tsala ihu. Mak Cik ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta zagayo ta kwance ta daga bayana.

"Haka take," ta ce wa mai sayen burodin, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. "Raihana ba ta son a tashe ta." Sannan ta juyo kaina ta ga a tsaye nake a kanti ranar kwana talatin da uku, ta bi ni da faɗa har hawa na tara, ta ce ta ƙara mini kwana huɗu a kan arba'in da huɗun.

Saura Inna. Ranar Juma'a muna bidiyo sunan ya fita daga bakina, ta kau da kai kamar na yi ashar.

"Ke, yaushe kika zama haka?"

Na ba ta labarin tun daga kwanon wanke shinkafa har bishiyar kwakwa, har rumfunan da aka bi ana kira. Inna ta ja bakin mayafinta ta goge ido, ta ce in ba ta matar. Suka kalli juna ta waya. Inna ta gyara zama ta ce, "Raihanatu. Allah ya jiƙan Raihanatu, Allah ya raya Raihanatu." Mak Cik ba ta jin Hausa, amma ta ji abin da take buƙata har sau uku, ta ce amin. Da wayar ta dawo hannuna Inna ta ce, "Ke kuma ki ci gaba da rashin kunyarki, na yafe." Nawa sunan dai har yau ina jira.

Hajiya Binta ta ce mun lalace, amma ita ma yanzu in ta zo Raihana take cewa, sai dai ta ɗan rage murya. Na gama digirin na zarce na uku, don haka Ɗan Rakiya ya samu ƙarin wa'adi, har ya iya taya kifi da Malay.

Duk ƙarshen Disamba Mak Cik kan yi girki mai yawa ta kai masallacin ƙasa sadaka. A da ita kaɗai take yi, ƙofa a rufe. Na bana da ni aka yi, ƙofofinmu biyu a buɗe, ina yanka albasa tana gyara mini yankan. Raihana ta cika shekara biyu, ba ta da haƙuri ko kaɗan. Muna cikin aiki ta sulale ta bi kyanwar ɗan Sin har ƙarshen baranda. Na miƙe zan kamo ta, Mak Cik ta ce in zauna.

Ta goge hannu a zaninta, ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa bango.

"Raihana! Makan!"

Yarinyar ta tsaya. Ta juyo, ta ɗaga wani silifas da ta tsinta sama don a gani, tana dariya. Na ga yatsun Mak Cik sun ƙanƙame bangon.

"Na'am," in ji Raihana, yadda na koya mata. Ta yar da silifas ɗin ta taho da gudu, ta faɗa jikinta.

Mak Cik ta ɗauke ta. Tana riƙe da ita a ƙirji, fuska da fuska, ta sake kiran sunan, a hankali wannan karon. Yarinyar ta sake amsawa.